Rariyar saƙonni ta cinye min odar albasa: a cire ta ko a bar ta?

Bakabe_Mile12: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara, musamman daga masu ilimin waya. Shekarata 11 ina sayar da albasa da wake a Mile 12, kuma kamar shekara uku ke nan da na fara kai wa otal-otal da gidajen abinci kaya a Ikeja da Island. Su ba sa yin oda da baki, sai ta imel, saboda akawunsu yana son shaida a rubuce. To imel ɗin nan ya koma juji. Kullum na buɗe sai na tarar da saƙo talatin ko arba'in. Wannan ya ce na ci kyauta, wancan ya ce za a rufe min asusun banki, ga na rance, ga na caca, wasu kuma hotuna ne da bakina ba zai iya faɗa ba. Ranar da yarona ɗan shekara tara ya ɗauki wayar ya ga ɗaya daga ciki, a ranar na kira ɗan yayata mai karatun kwamfuta na ce ya yi min maganin abin.

Ya zauna ya saka min rariya. Duk saƙon da aka rubuta urgent ko payment ko transfer ko congratulations a cikinsa, kai tsaye ya wuce kwandon shara. Sati uku na samu lafiya. Shekaranjiya da safe sai na ga mai sayayyar wani otal a bakin get ana yi masa lodin albasa daga rumfar maƙwabcina. Na ce lafiya? Ya ce sau biyu ya aiko min saƙo yana neman buhu 30 ban amsa ba, ya ɗauka na daina harkar. Muka duba tare, ga saƙonsa a shara, a kansa an rubuta urgent supply. Ni kuwa a satin ina zaune da albasar Aliero har ta fara tsiro a buhu.

Tambayata: wannan tace-tacen yana da amfani ga ɗan kasuwa kuwa? Ni yanzu ra'ayina gara a cire komai, in riƙa tsincewa da hannu kamar yadda ake tsince tsakuwa a wake.

MaiPOS_Obalende: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Garin neman gira an rasa ido.

Injiniya_Ikeja: Alhaji Allah ya mayar da mafi alheri. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci, domin rariya iri biyu ce, kuma wadda aka saka maka ita ce mafi rauni a ciki. Ta kalmomi ce. Ba ta san wanda ya aiko ba, ba ta san kun saba ciniki ba, kalma kawai take gani ta hankaɗa. Kalmomin da ɗan yayarka ya zaɓa kuwa su ne kalmomin da duk mai sayayya a Legas yake rubutawa kullum. Wane kwastoma ne zai yi maka magana bai ambaci payment ba?

Ɗayar kuma tana nan a cikin imel ɗin tun asali, ita take kai saƙo wurin da aka rubuta Spam. Ba kalma ɗaya take dubawa ba. Tana duba daga ina saƙon ya fito, mutum nawa aka aika wa irinsa a lokaci guda, mutum nawa suka yi ƙorafi a kansa, da kuma ko kai ka taɓa amsa wa mai aikowar. Shawarata uku ce. A goge waccan ƙa'idar ta kalmomi yau ɗin nan. A shigar da adireshin duk kwastomominka cikin jerin sunayen da ka sani, idan Gmail ne ma akwai inda za a ce kada a taɓa kai saƙonsu Spam. Sannan duk saƙon banza da ya shigo kada ka goge shi kawai, ka danna masa alamar spam, da haka take koyo. Kuma ka sani abin da ke shara da abin da ke Spam duk kwana 30 suke yi kafin su ɓace, ka je ka duba ko akwai wasu da ta haɗiye.

Bakabe_Mile12: Na gode Injiniya. Amma ita ma ta biyun ai tana kuskure ko? Ni kuskure ɗaya ne ya ja min asarar buhu 30.

Injiniya_Ikeja: Tana yi, ba zan ɓoye maka ba. Babu rariyar da ba ta yi. Ka ƙara mata tsauri ta riƙe tsaba, ka sassauta ta ƙaiƙayi ya wuce. Shi ya sa nake cewa kada a taɓa ba ta izinin gogewa. Ta ware gefe, kai ka leƙa sau ɗaya a rana, minti biyu ne.

Baba_AlabaRago: Ni tun 1980 da wani abu nake kasuwar raguna a nan Ikko, ban taɓa rasa ciniki saboda saƙo ba, domin wanda yake son rago yana zuwa ya taɓa ragon. Ɗana Bakabe, laifin ba na na'ura ba ne kaɗai. Mutumin da yake sayen buhu 30 a hannunka, ka yi sati uku ba ka ji ɗuriyarsa ba, ba ka ɗaga waya ka ce yaya aiki yaya iyali ba? Da ka gaishe shi da ya gaya maka.

Bakabe_Mile12: Gaskiya ne Baba, na karɓi wannan.

UwarGida_IdiAraba: Ku kuna ta imel, mu namu ciwon a tes ne. Da asuba waya za ta yi ƙara ka zabura ka ɗauka daga gida ne, sai ka ga tallan waƙar kira ko wasan ƙwallo. Mahaifiyata tana Gusau ba ta da lafiya, duk ƙarar waya da dare gabana faɗuwa yake. Akwai maganin wannan?

MaiPOS_Obalende: Akwai Hajiya. Ki rubuta STOP ki aika wa 2442, kyauta ne, kowane layi. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ta tilasta wa kamfanonin waya tun 2016. In kuma kina son wasu su riƙa shigowa, kamar na lafiya ko na addini, ki rubuta HELP za su turo miki jeri ki zaɓa. In kin yi ba su daina ba ki fara kai ƙara wurin kamfanin layinki, in ba su yi komai ba ki kira 622, layin ƙorafi ne na hukumar.

Sakatare_Agege: A yi hattara da 2442 ɗin nan, domin abin da ya sami Alhaji Bakabe shi ya same mu ta wata fuskar. Ni nake aika sanarwar taron ƙungiyarmu ta 'yan gari. Muna sayen tes mai yawa mu aika wa mutum sama da ɗari biyu a tashi ɗaya. Bara aka yi rasuwa, na aika sanarwar jana'iza ƙarfe bakwai na safe, aka yi sallah bayan azahar. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba su zo ba. Wasu har fushi suka yi da ni cewa na ware su. Da muka bincika, duk waɗanda saƙon bai je musu ba sun taɓa aika STOP ɗin nan, wasu ma sun manta sun yi. Na'urar ba ta bambance sanarwar mutuwa da tallan caca, duk ta hanyar talla suka biyo.

MaiPOS_Obalende: Haka ne Malam Sakatare, amma alat na banki da lambar da ake turowa don tabbatar da cire kuɗi hanyarsu daban, su yawanci suna shigowa. Nawa layin a rufe yake kuma da shi nake aiki kullum.

Sakatare_Agege: Na sani. Magana nake a kan irin tamu sanarwar. Yanzu dai mun koma kira, mutum goma kowa ya ɗauki suna ashirin.

ƊanZariya_Yaba: Don ƙarin ilimi, abin ya daɗe. Saƙon farko da ake lissafawa a irin wannan a 1978 aka aika shi a Amurka, wani mai tallan kwamfuta Gary Thuerk ya tura wa mutum kusan 400 a tashi ɗaya, tun kafin intanet ta zama yadda muka santa. Kalmar spam ɗin ma asalinta sunan wani naman gwangwani ne na alade da aka fara sayarwa a 1937, wani wasan barkwanci na talabijin a Ingila ya yi ta maimaita sunan har ya hana kowa magana, shi ne aka laƙaba wa saƙon da ke cika wuri. Rariyar da Injiniya ya bayyana mai koyo kuwa ta yaɗu ne bayan 2002, lokacin da wani masanin kwamfuta Paul Graham ya nuna yadda za a riƙa ƙirga kalmomi a saƙonnin kirki da na banza a fitar da yiwuwa, da lissafin wani limamin coci na Ingila, Thomas Bayes, wanda ya rasu a 1761.

UwarGida_IdiAraba: A'uzubillahi, ashe ma sunan naman alade muke ta kira.

Injiniya_Ikeja: ƊanZariya ya taɓo wani abu da nake so mu lura da shi. Tun da rariyar koyo take, abin da ta fi gani shi ta fi ganewa, kuma Turanci ta fi gani. Ɗan damfara in ya rubuto da Hausa, "Salam Alhaji, an turo maka tallafi danna nan", ya fi sauƙin zamewa. Haka kuma saƙon kirki da aka cakuɗa Hausa da Turanci da lambar asusu yana iya yi mata kama da na 'yan 419. Mu masu Hausa ta ɓangare biyu abin yake cizonmu. Maganin da na sani shi ne mu riƙa kai ƙarar na banza, mu kuma riƙa ciro na kirki muna danna cewa ba spam ba ne. Yawancinmu gogewa kawai muke yi.

'YarSakkwato_Ketu: Ni bari in faɗi abin da ba a faɗa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu kanmu muna cikin masu cika wa mutane waya. Ina sayar da turaren wuta da humra. Da na fara, wata ta ba ni shawara in kwashi lambobin mata daga guruf ɗin biki da na islamiyya in riƙa tura musu hotunan kaya. Na kwashi kamar ɗari uku, na kwana ina turawa ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu aka rufe min asusun WhatsApp da nake kasuwanci da shi, da hirarrakin kwastomomina na gaskiya da bashin da nake bi duk a ciki. Na yi kuka, amma da na natsu na ga matan nan ba su san ni ba, ba su nemi tallata ba. A wurinsu ni da mai tallan caca ɗaya muke. Yanzu sai wadda ta ce in saka ta nake sakawa.

MalaminIslamiyya_Agege: Allah ya saka miki da alheri 'yar'uwa, kin faɗi gaskiya a kan kanki, ba kowa ke iyawa ba. Ni ma zan ƙara da saƙonnin "tura wa mutum goma za ka ga alheri, in ka ƙi za ka ga musiba". Wannan ba shi da tushe a addini. Allah ya ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, tana cikin Suratul Hujurat. Kuma an hana mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wanda ya tura linkin tallafin bogi ga mutum hamsin, aka kwashe wa biyar kuɗi, ya tambayi kansa mene ne rabonsa a ciki.

Injiniya_Ikeja: Abin da ya sami 'YarSakkwato yana da bayani. WhatsApp a kulle saƙonninsa suke tun 2016, kamfanin ba ya karanta abin da kuke rubutawa, don haka ba zai iya tace kalmomi kamar imel ba. Hali ake dubawa: sabon layi, saƙo iri ɗaya ga mutane da yawa da ba su ajiye lambarka ba, sai kuma yawan masu toshe ka da masu kai ƙara. In ka kai ƙarar mutum, saƙonninsa biyar na ƙarshe ake tura musu. Hanyar da aka tanada ta talla ita ce jerin watsawa, yana ɗaukar mutum 256, kuma wanda ya ajiye lambarka ne kaɗai saƙon zai je masa. Tun 2019 kuma aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Direba_Apapa: Ni abin da ya dame ni guruf. Ina tuƙi daga Apapa zuwa Kano, in tsaya a Ogere in duba waya in ga an jefa ni guruf uku na zuba kuɗi a ninka maka. Ko sallama babu.

MaiPOS_Obalende: Yaya Direba ka shiga saitin sirri, wurin guruf, ka mayar da shi waɗanda ka ajiye lambarsu kaɗai za su iya saka ka. A nan kusa akwai na kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba, a 2023 suka ƙara shi. Kiran zai nuna amma ba zai yi ƙara ba.

Direba_Apapa: Na guruf zan yi. Na kira ba zan taɓa ba, rabin masu ba ni lodi baƙuwar lamba ce. Ka ga mun dawo kan maganar Alhaji Bakabe.

Bakano_IdiAraba: Ba wanda ya yi maganar masu rance na waya. Wani da muke sallah tare ya ci bashin dubu ashirin a wata manhaja, ya makara kwana huɗu. Sai ga tes a wayata da hotonsa, wai ɓarawo ne ana nemansa, ni ne na tsaya masa. Ban san ma ya ci bashi ba. Duk wanda ke cikin wayarsa sai da aka aika wa, har surukansa a Kano. Mutumin nan wata biyu ba ya iya haɗa ido da kowa a masallaci. Wace rariya ce za ta tare wannan, alhali kullum da sabuwar lamba suke zuwa?

ƊanZariya_Yaba: Wannan ba aikin rariya ba ne, aikin hukuma ne. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a titin Opebi nan Ikeja. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance a Najeriya shiga jerin lambobi da hotunan mutum. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Abin ya ragu amma bai ƙare ba, saboda wasu ba ta shagon manhajoji ake saukar da su ba, linki ake turo wa mutum. Duk manhajar da ta nemi izinin ganin lambobin wayarka alhali aikinta bai shafi kira ba, ka hana.

MaiKaiSaƙo_Oshodi: Wasu suna cewa a saka manhajar da ke nuna sunan mai kira. Tana da amfani, amma ku sani mutane ne ke rubuta sunayen. Ni kaya nake kai wa mutane a babur. Wata rana na makara saboda ruwa ya cika hanya, kwastoma ya fusata ya saka wa lambata sunan ɗan damfara. Na fi wata ina kiran mutane ina tsaye a ƙofar gidansu da kayansu a hannu suna kashe kiran. Sai wata dattijuwa a Surulere ce ta nuna min fuskar wayarta, na ga abin da aka rubuta da ja. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Na sha wahala kafin a gyara.

UwarGida_IdiAraba: Subhanallah. Allah ya isar maka ƙanena.

Baba_AlabaRago: Kun ji ko? Wanda aka ɓata wa suna, wanda bai je jana'iza ba, wanda albasarsa ta tsiro. Duk daga abin da aka ce zai kawo sauƙi.

Injiniya_Ikeja: Baba ranka ya daɗe, ban musa maka ba, amma a auna ɗayan gefen ma. A shagona na Computer Village kusan kowane sati sai an kawo min wanda aka kwashe wa asusu. Labarin ɗaya ne: tes ya shigo da sunan banki, ko kira cewa BVN ko NIN ɗinsa ya samu matsala, ko a ce an turo maka lamba shida ta taron guruf ka karanto. Da rariya ta tare saƙon nan tun a ƙofa, da bai kai ga idonsa ba. Google da kansa yana cewa yana tare fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na irin waɗannan a Gmail. In aka buɗe ƙofar gaba ɗaya kamar yadda Alhaji yake so, ba saƙo arba'in zai riƙa tsincewa ba. Kuma mai tsincewa da hannu yana gajiya, ranar da ya gaji ko yake sauri ranar zai danna wanda bai kamata ba. Kada mu manta kuma abin da yaron Alhaji ya gani.

MaiPOS_Obalende: Banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da aka turo maka, ko a waya ko a tes. A gaya wa iyayenmu mata musamman.

'YarSakkwato_Ketu: Alhaji Bakabe me zai hana ka raba? Adireshi ɗaya na kwastomomi zalla, kada ka rubuta shi a ko'ina sai a takardar rasit. Ɗayan kuma ka bar shi na rajistar abubuwa. Ni haka na yi da layukana.

Injiniya_Ikeja: Wannan shawara ce mai kyau. Yawanci adireshi yana shiga hannunsu ne ta wurin da aka yi rajista ko aka manna shi a fili.

Bakabe_Mile12: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ɗan yayata ya zo da yamma ya cire ƙa'idar kalmomin, ya shigar da kwastomomina goma sha huɗu. Baba, na kira mutumin otal ɗin, ya ce wannan watan ya riga ya yi alkawari da maƙwabcina, sai dai mu gani wata mai zuwa. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da rariyar ba, zan dai riƙa leƙawa bayan sallar asuba.

Amma ga wata sabuwa. A cikin sharar mun tarar da wasu saƙonni biyu na gaske, ɗaya rasit ne. Akwai kuma na uku da na kasa ganewa. Wai wani sabon gidan abinci ne a Lekki yana son wake buhu 100 duk wata. Ya ambaci Mile 12, ya ambaci sunan rumfata daidai. Sai dai babu lambar waya, ya ce in buɗe takardar da ya liƙa in saka imel ɗina da lambar sirrinsa kafin in ga farashin da suke bayarwa.

Injiniya_Ikeja: Kada ka saka komai Alhaji. Ba mai sayen wake da yake buƙatar lambar sirrin imel ɗinka.

Bakabe_Mile12: To in kuma na gaske ne fa? Buhu 100 ne.

Baba_AlabaRago: Ka amsa masa ka ce ya zo kasuwa ya ga waken.

Injiniya_Ikeja: Baba, amsawar ma tana nuna musu adireshin yana aiki. Alhaji kada ka goge shi, kada ka amsa. Gobe bayan azahar ina shago, ka biyo da wayar ta Ikeja mu duba ainihin adireshin da ya fito.